Wace manhaja za mu saya don kula da layin dogo bisa tsarin RCM?

Tambaya: Wani matashin injiniya da ke aikin kula da layin dogo ya rubuto cewa shugabanninsa sun ɗora masa nauyin nemo manhaja da rumbun bayanai domin su koma tsarin RCM (Reliability-Centred Maintenance), wato tsara gyara bisa yadda kaya ke lalacewa a zahiri. Kamfanoni biyu sun zo sun baje kolinsu, kowa na cewa tasa ce ta fi. Yana so ya san wadda zai ce a saya, da abin da ya kamata rumbun ya ƙunsa.

Amsa:

Injiniya, sannu da ƙoƙari. Sunayen manhajoji zan ba ka, amma sai can gaba, don in na fara da su za ka ɗauka a nan gizo ke saƙar. Shawarata a taƙaice ita ce kada ku sayi komai bana. Ku fara daidaita abu biyu: yadda kuke ambaton wuri a kan layi, da yadda kuke rubuta lalacewa. In waɗannan suka zauna, ko da Excel za ku fara ganin amfani. In ba su zauna ba, manhajar da ta fi kowace tsada za ta riƙa zana muku hotuna masu launi a kan bayanan da ba gaskiya ba ne.

RCM hanyar yanke shawara ce kan wane aiki ya cancanci a yi wa wane kaya, kuma yaushe. Ba a reluwe aka haife ta ba, daga harkar jiragen sama ta fito. A da kamfanonin jiragen Amurka sun yi imani cewa kowane sashe na jirgi yana da wa'adi, in ya cika sa'o'insa a ciro shi a yi masa garambawul. Da Boeing 747 ya zo a ƙarshen shekarun 1960, aka yi lissafi aka ga in aka bi wannan tsari ba mai iya riƙe jirgin. Sai suka koma kan tarin takardunsu na lalacewa. Stanley Nowlan da Howard Heap na United Airlines suka tattara sakamakon a rahoton 1978 wanda Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ɗauki nauyi. Abin da suka gano ya girgiza mutane: kashi 11 cikin 100 kacal na sassan ne lalacewarsu ke bin tsufa ta yadda sa musu wa'adi zai yi amfani. Kashi 68 kuwa sun fi lalacewa suna sababbi ko an gama taɓa su ke nan. Wato garin gyaran gira ake rasa ido. A jirgin DC-8 sassa 339 ne ake cirowa bisa wa'adi, a DC-10 da aka tsara da sabon tunani guda 7 ne.

Abin lura a nan shi ne ba basira ce kawai ta kai su ga wannan ba. Suna da tarihin kowane sashe a rubuce, ranar da aka ɗaura shi, ranar da aka cire, da dalilin cirewa. Kuma kada ka ɗauki wancan kashi 11 ka liƙa wa reluwe. Ƙarfen dogo yana cinyewa da yawan nauyin da ya bi ta kansa, tsakuwar da ke ƙarƙashin layi tana niƙewa, wannan tsufa ne na zahiri. Kayan sigina da na lantarki ne suka fi kama da abin da aka gani a jirgin sama. Wanne ne ke bin wane hali a layinku, bayananku ne kaɗai za su faɗa.

Ma'aunin JA1011 na 1999, wanda ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ta fitar, ya ce ba a kiran tsari RCM sai ya amsa tambayoyi bakwai a jere: mene ne aikin kayan, ta yaya yake gaza yin aikin, me ke haddasa kowace gazawa, me ke faruwa in ta auku, wace irin asara ke biyo baya, wane aiki za a yi don hango ta ko hana ta, sannan me za a yi in ba a sami irin wannan aiki ba. Ka duba da kyau, ta uku da ta biyar da ta shida ba a amsa su da ka. Ana amsa su ne da tarihi, kuma ajiye wannan tarihi shi ne dalilin gina rumbun.

To, reluwe tana da wata wahala da jirgin sama ba shi da ita. Jirgin sama yana da lamba a wutsiya, yana shigowa rumfa a duba shi. Layin dogo abu ne miƙaƙƙe. Ɗauki layin Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa. In tazarar gungumen kankaren da dogo ke kwance a kai santimita 60 ce, kowace kilomita tana da wajen 1,667, layin gaba ɗaya ya haura 300,000, kowanne da maɗauransa. Ba wanda zai buɗe wa kowane gungume fayil. Saboda haka kayanku iri biyu ne. Akwai masu tsayawa wuri guda da za a ba lamba: masauyar layi, wato inda jirgi ke barin wannan layi ya hau wancan, da injinta, da sigina, da gada, da kwalbati, da mararrabar mota. Akwai kuma masu tsawo: dogo, tsakuwa, magudanar ruwa, tudun ƙasar da aka ɗora layi a kai. Waɗannan ba a ambatonsu sai da "daga kilomita kaza zuwa kilomita kaza", kuma siffofinsu ba sa canzawa a wuri ɗaya. Nau'in ƙarfe ya canza a nan, kwana ta fara mita 80 gaba, tsakuwar da aka sabunta bara ta ƙare a tsakiyar kwanar. Rumbun da aka gina don masana'anta, inda kowane inji ke da ɗakinsa, ba ya iya ɗaukar wannan sai an yi masa ƙari. Wannan ce tambayar farko da za ka yi wa masu talla.

Batun wuri ya fi yadda ake zato wuya. A Birtaniya kowane layi yana da gajeriyar lambar haruffa ta injiniyoyi, sannan a ƙirga nisa da mil da yadi, har da wani tsohon ma'auni mai yadi 22 da suka gada tun zamanin da. Tsohon yayi ne, amma kowa da shi yake magana. Matsalar da za ka tarar a ko'ina ita ce turakun kilomita ba lallai tazararsu ta zama mita 1,000 cif ba, musamman inda aka taɓa karkatar da layi. Keken awo, wanda ke bin layi yana auna daidaitonsa, yana ƙirga nisa da juyawar ƙafarsa, ƙafar kuwa tana zamewa tana kuma cinyewa. GPS na waya ba ya bambance layi biyu da ke kwance kafaɗa da kafaɗa a tasha. In awon watan Janairu da na watan Afrilu suka goce wa juna da mita 20, kwamfuta za ta ce maka ramin da ke nan ya warke da kansa, wani sabo ya fito a gaba. Ku zaɓi tsari ɗaya, ku auna ainihin inda kowane turke yake, ku rubuta, kuma mai sigina da mai dogo da mai gada duk su yi amfani da shi.

Yanzu ga inda nake so ka fi tsayawa, wato rajistar lalacewa. Ga irin abin da aka saba gani a littafin tasha: "Masauya ta ƙi aiki da safe. An kira masu sigina. An gyara." Wannan layi bai amsa ko ɗaya daga tambayoyi bakwai ɗin nan ba. Wace masauya? Ta ƙi motsi ne sam, ko ta motsa ba ta kulle ba, ko ta kulle amma alamar kullewa ba ta koma ɗakin sarrafawa ba? Uku ɗin nan cututtuka ne daban. Ga yadda ya kamata a same shi: masauya mai lamba kaza, ƙarfe 6:40, ta motsa ba ta ƙarasa ba, an tarar yashi ya cakuɗe da man giris a kan farantan da harshen masauya (siririn dogon da ke motsawa) ke zamewa, an kankare an sake shafa mai, an gama 7:25, jirgi ɗaya ya yi jinkirin minti 30, an yi iska mai ƙura daren jiya. Ka ga an raba abu uku da mutane ke cakuɗawa: alamar da aka gani, sashen da ya gaza, da musabbabi. In bayan shekara ka tarar rabin matsalar masauyun wani yanki daga yashi da mai ne, ka san abin yi, kuma mai yiwuwa amsar ba ƙara shafa mai ba ce, rage shi ne ko sauya irin farantin zuwa mai ƙananan tayoyi.

Kowane ɗaya daga ukun nan a ba shi jerin zaɓi gajere, wanda helma zai iya dannawa a waya yana tsaye cikin rana. Na fi son jeri mai abu goma da ake cikawa daidai a kan mai ɗari biyu. Jerin da ya yi tsawo, kowa "Sauransu" zai danna ya wuce, bayan shekara biyu ka tarar babban abin da ke lalata muku kaya sunansa Sauransu. A bar gurbin rubutu da na hoto a ƙasa, kuma a bar mutum ya rubuta da harshen da ya fi iyawa. Haka kuma "an je an duba ba a ga komai ba" dole a rubuta shi a matsayin sakamako. Masauyar da aka je wa sau biyar ba a ga komai ba tana da lahani mai zuwa yana ɓacewa, wataƙila waya ce ta saki, kuma wata rana za ta tsaya gaba ɗaya.

Akwai abin da ba manhajar da za ta gyara muku. In duk wanda ya kawo rahoton lalacewa takardar tuhuma ke biyo baya, rahoto zai ƙafe. Ma'aikata za su gyara abin su yi shiru, allo a ofis ya yi kore shar, shugabanni su yi murna. Wannan magana ce da za ka kai wa shugabanninka kafin maganar kuɗi.

Sai bayanin da ake yawan mantawa, wato nauyin da layi ke ɗauka. Shekarun dogo ba da kalanda ake ƙirga su ba, da miliyoyin tan da suka bi ta kansa ne. Shekarun injin masauya kuma yawan juyawar da ya yi ne. Dogo biyu da aka shimfiɗa rana ɗaya, ɗaya a babban layi ɗaya a layin ajiye taragu, ba sa'annin juna ba ne. Sashen zirga-zirga ne ke da wannan bayani, kuma galibi ba sa magana da sashen gyara. Ka haɗa su.

In kana so ka nuna wa shugabanninka abin da rashin wannan ke jawowa, ba su labarin hatsarin Hatfield a Birtaniya. Ranar 17 ga Oktoba 2000 jirgin fasinja daga Landan zuwa Leeds ya kauce daga layi a kan wata kwana, mutum huɗu suka rasu. Dogon ya farfashe ne saboda ƙananan tsagogi da ke farawa a gefen kansa inda ƙafar jirgi ke murzawa, suna nutsawa ciki a hankali. An san da lahanin, an ma shirya sauya dogon, aikin ne bai samu ba. Abin da ya biyo baya shi ne darasin da ya shafe ka. Kamfanin Railtrack mai layukan ya rasa amsar tambaya ɗaya: ina da ina kuma ake da irin wannan tsaga? Aikin gyara yana hannun 'yan kwangila, sanin halin da kaya ke ciki ya warwatse a hannunsu. Da ba su da amsa, sai suka rage gudun jirage a wurare fiye da 1,000, zirga-zirgar ƙasar ta dagule wata da watanni. Cikin 2001 kamfanin ya durƙushe, Network Rail ta gaje shi a 2002, kuma ba da jimawa ba ta karɓe aikin gyaran yau da kullum daga 'yan kwangila ta mayar hannunta. Daga baya ta kashe fiye da fam miliyan 300 a shirin ORBIS, wanda yawancinsa tsabtace bayanan kaya ne da raba wa ma'aikatan fili wayoyi don su daina cika takarda.

Idan tarihi ya taru, lissafi biyu ne za ka fi bukata. Na farko shi ne na Weibull, wani injiniya ɗan Suwidin da ya yaɗa shi a 1951. Yana fitar da lamba ɗaya da ke nuna halin lalacewa. In ta gaza 1, kayan sun fi mutuwa suna sababbi, sai ka binciki ɗauri ko ingancin abin da ake sayowa. In tana wajen 1, lalacewar ba ruwanta da shekaru, canzawa bisa wa'adi asarar kuɗi ce. In ta haura 1 sosai, tsufa ne, wa'adi zai yi aiki. Tarkon da ke ciki shi ne wannan: a ce kuna da injin masauya 40, guda 6 suka ƙone. In ka ɗauki matsakaicin shekarun shidan nan ka ce shi ne rayuwar injin, ka yi kuskure babba, domin 34 da ke aiki har yanzu su ma shaidu ne, kuma lissafin yana da hanyar sa su. Shi ya sa rumbun dole ya riƙe ranar ɗaura kowane kaya, har da wanda bai taɓa lalacewa ba, da wanda aka cire lafiyarsa lau.

Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin lokacin da za a iya hango lahani da lokacin da zai kai ga gazawa. Misali kawai zan ba ka, lambobin ba na wani layi ba ne. A ce daga ranar da na'urar da ke aika sauti cikin ƙarfe za ta iya gano tsaga zuwa ranar karyewa, tan miliyan 10 ne ke wucewa. Layin da ke ɗaukar tan miliyan 20 a shekara yana da wata shida ke nan. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a duba a rabin tazarar, wato duk wata uku, in kuma karyewar na iya cin rai a matse fiye da haka, don na'ura tana iya tsallake tsaga a zagaye ɗaya. Layin da ke ɗaukar tan miliyan 2 ba ya bukatar wannan yawan dubawa. Da irin wannan lissafi ne ake ɗauke ma'aikata daga inda ba a bukatarsu a kai inda ake bukata, kuma ribar RCM ke nan a aikace.

Daidaiton layi ma haka ake bi da shi. Keken awo yana auna faɗin layi, da hawa da saukarsa, da karkacewa, bisa ma'aunin Turai EN 13848. Ana yanka layi gida-gida, galibi mita 200, a fitar wa kowane gida lamba ɗaya mai nuna rashin daidaitonsa. Awo ɗaya yana gaya maka inda ya lalace yau. Awo shida a jere suna gaya maka saurin lalacewar, har ka san watan da za a kawo injin matse tsakuwa. Gidan da ke komawa gidan jiya wata uku bayan kowace matsa, ba matsa yake so ba, ruwa ne ke kwance a ƙarƙashinsa, kuma kowace matsa tana ƙara farfasa tsakuwar. Ba za ka gane haka ba sai awo da tarihin aiki da taswirar magudanai sun hau allo ɗaya a kan kilomita ɗaya.

To ga sunayen. Kashi na farko su ne manyan rajistoci masu riƙe jerin kaya, da takardun aiki, da sito, da kuɗi: IBM Maximo, wadda ke da ƙari na musamman don kaya masu tsawo, da SAP da reluwen Jamus ke amfani da ita, da Ellipse da Network Rail ta daɗe a kai, da Hexagon EAM. Waɗannan ba sa yin RCM, suna aiwatar da abin da RCM ta yanke ne. Kashi na biyu masu shimfiɗa layi a allo su jera awo da lahani da aiki a kansa, kamar Optram ta kamfanin Bentley, da LADS ta Network Rail. Tun shekarun 1990 ƙungiyar reluwe ta duniya da cibiyar bincikenta ta Turai suka fitar da ECOTRACK don irin wannan aiki, ka ga tunanin ba sabo ba ne. Kashi na uku su ne na nazarin RCM kansa, irin RCM++ da Weibull++ na ReliaSoft, da Availability Workbench ta Isograph. Suna taimaka wa tsara tambayoyi bakwai da yin lissafi, amma injiniya biyu ko uku ne za su riƙa taɓa su, lasisi ɗaya ko biyu ya isa. Na huɗu masu sa ido daga nesa. Jamus ta haɗa masauyu wajen 28,000 da tsarin DIANA, a Holan kuma akwai POSS na kamfanin Strukton. Abin da suke yi mai sauƙin fahimta ne: duk lokacin da injin masauya ya juya, cikin 'yan daƙiƙoƙin nan ana auna wutar da ya ja. Zanen yana da siffa sananniya, ya yi tsalle a farko, ya kwanta yayin tafiya, ya ɗan ɗaga wajen kullewa. In tsakiyar ta fara kumbura kwana bayan kwana, wani abu na riƙe harshen, sai a tura mutum kafin ta tsaya.

Wannan na ƙarshe yana burge shugabanni ƙwarai, don haka ka yi hattara. Na'ura ɗaya tana iya aiko ƙararrawa goma a rana, in ba a ware wanda zai duba ya yanke hukunci ba, cikin wata guda kowa zai daina kulawa. Hatsarin Grayrigg na 23 ga Fabrairu 2007 ya nuna haka ta wata fuska. Jirgin Landan zuwa Glasgow ya kauce a kan wata masauya da sandunan da ke riƙe harsunanta biyu suka kwance suka karye, mace ɗaya ta rasu. Binciken ya gano cewa sintirin ƙafa da aka tsara ranar 18 ga wata bai kai ga wannan masauya ba. Jirgin awo na Network Rail kuma ya bi ta wurin kwana biyu kafin hatsarin ya ɗauki hotuna, amma ba a tsara a riƙa duba hotunan don irin wannan lahani ba, sai bayan abin ya faru aka koma kansu. Darasin ga mai gina rumbu shi ne takardar aiki kada ta rufu da kalmar "an yi" kawai. Ta nuna daga ina zuwa ina aka taka, wace masauya aka tsaya a kai, me aka auna. Abin da aka tsallake kuma ya fito da kansa a allon shugaba washegari.

Game da yanayinmu, abu uku zan ƙara. Jadawalin gyaran da ya zo da kaya daga masana'anta an rubuta shi ne don wata ƙasa, kuma gyara shi ya dace da wurinku shi ne aikin RCM na farko. Zafi: ƙarfen dogo yana miƙewa wajen milimita 11.5 a kowace kilomita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya, kuma dogon da ke rana yana iya fin iska zafi da digiri 20. Dogon da aka yi wa walda ya zama ɗaya ba shi da wurin miƙewa, sai ƙarfin ya taru a cikinsa, in ya yi yawa layi ya lanƙwashe. Shi ya sa ake ɗaure shi a wani zafi da aka zaɓa, a Birtaniya digiri 27 ne, namu dole ya fi haka. Rumbunku ya riƙe zafin da aka ɗaure kowane yanki, kuma duk ranar da aka yanka dogo aka sa guntu a sabunta wannan bayani. Yashi da ruwa: layin Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa zai ratsa ƙasa mai rairayi, inda tsakuwa ke cikewa da yashi ta daina tsane ruwa, kwalbati kuma ya toshe da rani ba wanda ya sani sai ruwan farko ya sauka. Kwalbati misali ne na ɓoyayyen lahani, wanda ba ya nuna kansa sai ranar da ake bukatarsa, maganinsa a je a leƙa kafin damina, a rubuta. Sai satar maɗaurai da wayoyi. Wasu injiniyoyi suna cewa wannan matsalar tsaro ce, ba ta shiga rajistar lalacewa. Ni ban yarda ba. Ta shiga, da lambarta, da kilomitarta, da ranarta, domin ita ma tana da wuraren da ta fi so da lokutan da ta fi yawa, kuma da wannan ne za a tsara sintiri.

In layinku sabo ne, akwai damar da ba ta dawowa. Kafin ɗan kwangila ya tattara ya tafi, ku karɓi zanen abin da aka gina a zahiri, ba wanda aka tsara a farko ba, da lambar kowane inji, da wurin kowace walda da ranarta, da awon farko na layi, a fayil da kwamfuta ke iya karantawa kuma da harshen da ma'aikatanku ke ji. Tattara wannan bayan shekara biyar ya ninka wahala da tsada.

Da ni ne a kujerarka, zan ɗauki yanki ɗaya, kilomita 30 zuwa 40 da tasha biyu, da nau'in kaya ɗaya da ya fi jawo jinkiri, wanda a yawancin layuka masauya ce. Rumbun PostgreSQL da ƙarinsa na taswira PostGIS, da QGIS don gani, da fom na KoboToolbox ko ODK a wayoyin ma'aikata, duk kyauta ne, kuma fom ɗin yana aiki inda babu sabis, ya aika in an dawo gari. Sai zaman RCM na mako-mako, awa biyu, da injiniyan sigina da na dogo da mai kula da zirga-zirga da helma biyu da suka daɗe a yankin. Kada ka raina helman nan, da ɗan gari akan ci gari, kuma rabin abin da ba a rubuta ba yana kansa. Ka naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa duba ingancin abin da ake shigarwa ne, yana kiran waya yana tambaya in ya ga gurbi. Bayan damina ɗaya da rani ɗaya za ku san ainihin abin da kuke bukata daga babbar manhaja, kuma lokacin ne sayenta zai yi ma'ana, don in ma'aikata da sito da kwangiloli suka yi yawa, kayan kyauta ba za su ɗauke ku ba.

Ranar da kamfanonin nan biyu suka dawo, kada ka bari su nuna maka da bayanansu na talla. Ba su naku, da duk dattinsa, ka ce su loda. Sannan ka sa su yi abu huɗu a gabanka: su nuna duk abin da ya faru tsakanin kilomita biyu da ka zaɓa cikin shekarar, su raba yanki gida biyu kamar an sauya rabin dogonsa, ka ga ko tarihin tsohon zai ɓace, su cika fom a waya an kashe data, su fitar da komai zuwa fayil da wata manhaja za ta iya buɗewa. Ka tambayi kuɗin lasisi na shekara biyar, da kuɗin da za a biya da dala, da wanda zai amsa waya in ta tsaya. A rubuta a yarjejeniya cewa bayanan naku ne, kuma za ku iya kwashe su duk ranar da kuka ga dama ba tare da biyan ko kwabo ba.